Hajiya, a Bar Yara Su Daka Biskit ɗinsu

Na karanta rubutunki na filin girke-girke a kan kayan zaƙin nan da yara da 'yan mata suka ɗauka yanzu, wanda ake yi da dakakken biskit mai cakulan a sa a firij ba tare da an gasa ba. Sau uku na karanta shi kafin na ɗauki biro, domin ke ba wadda ake yi wa gardama da garaje ba ce. A filinki na koyi kaɗa kuka ba gudaji, a filinki na gane abin da ke sa wainata ta ƙi tashi a tanda, kuma har yau akwai shafukanki da na yanke na adana a littafin girkina. Amma wannan karon na ga daga nesa kika yanke hukunci, kuma hukuncin ya faɗa kan yaran da ba su yi laifin komai ba.

Abin da na fahimta shi ne, a ganinki duk abin da wuta ba ta taɓa ba bai kai a kira shi girki ba, haɗe-haɗen malalata ne kawai. Kin nuna ɓacin ranki da yadda ake mai da biskit ɗin ya yi kama da ƙasa, a jera masa alawa mai siffar tsutsa, a zuba a tukunyar shuka fure, kika ce wannan wasa da abinci ne da raina ni'imar Allah. Daga ƙarshe kika yi gargaɗi cewa yarinyar da ta saba da irin wannan za ta je ɗakin miji ba ta iya tuƙa tuwo ba. In na ƙara gishiri a maganarki, a yi mini gyara.

Ni a inda aka haifi abin na fara ganinsa. Shekara huɗu muka yi a garin Columbus na jihar Ohio a Amurka lokacin da maigidana ke karatu, kuma a can babbar 'yata ta shiga makaranta. Da zangon farko ya ƙare aka kira iyaye 'yar walima irin tasu, wadda kowane gida ke kawo kwanonsa a jera a dogon tebur, kamar ciyayyar magidanta a ƙofar gida bayan magariba. Ni dafa-duka na kai. Can sai ga wata tsohuwa, kakar ɗaya daga cikin yaran, ta shigo rungume da tukunyar fure sabuwa fil, cike da baƙar ƙasa, furannin roba a tsaye a tsakiya, ga tsutsotsi ja da kore sun leƙo ta gefe. Ta girke ta a tsakiyar abincin mutane. Wallahi, Hajiya, raina ya sosu kamar yadda naki ya sosu. Sai ta zaro ɗan shebur na lambu, shi ma sabo, ta luma ta ɗebo. Ashe ƙarƙashin ƙasar farin kirim ne, ƙarƙashinsa wata ƙasar, sai wani kirim, hawa-hawa har gindin tukunya. Yara suka kaure da ihu. 'Yata, wadda ta yi wata uku a ajin nan ba ta yi wa kowa magana ba saboda harshen bai zauna mata ba, na waiga na gan ta ta riƙe hannun wata yarinya suna nuna tsutsa suna ƙyalƙyala dariya. A ranar ta yi ƙawarta ta farko a ƙasar.

Jikan tsohuwar, ɗan shekara biyar, bai bar gefen tukunyar ba. Duk wanda ya zo ɗiba sai ya gaya masa shi ya daka ƙasar da hannunsa. Kafin a watse an sheme tukunyar tas, har yara na lasar shebur. Na tambayi kakar yadda ake yi, ta rubuta mini a bayan wata takardar cefane, ta ce ita tun shekarun 1980 take yi wa 'ya'yanta. Kuma haka tarihin abin yake: a waɗannan shekarun ya yaɗu a jihohin tsakiyar Amurka, a walimar makaranta da ta coci da bikin zagayowar ranar haihuwa, da wani suna da ma'anarsa ita ce kek ɗin ƙasa.

Shi kansa biskit ɗin ya girmi kakannin da yawa daga cikinmu. Kamfanin National Biscuit, wanda aka fi sani da Nabisco, ya fara sayar da Oreo a watan Maris na 1912, daga masana'antarsa ta unguwar Chelsea a birnin New York. Ba ma shi ne na farko ba, domin wani mai suna Hydrox ya riga shi fitowa tun 1908, da siffa iri ɗaya: faifai biyu baƙaƙe, farin kirim a tsakani. Baƙin nan da ya sa dakakkensa ke kama da ƙasar fadama ba na ƙuna ba ne. Tun ƙarni na 19 mutanen Holan suka gano cewa in aka sa wa garin kokon cakulan sinadari mai kaifi irin na kanwa ko ruwan toka, tsaminsa yakan kwanta, launinsa ya yi duhu. Ke da kika san yadda kanwa ke juya launin wake a tukunya ba kya buƙatar a yi miki dogon bayani. Dabarar jera biskit da kirim a bar su a sanyi kuwa ta girmi kek ɗin ƙasa da kusan shekara sittin. A shekarun 1920 da 1930, lokacin da gidajen Amurka da yawa ba su da firij mai lantarki sai akwatin katako da ake sa wa ƙatoton ƙanƙara, matan gida na jera siraran biskit na cakulan da bugaggen kirim su kwana a akwatin, da safe a yanka kamar kek. Har a jikin kwalin biskit ɗin kamfanin ke buga yadda ake yi. Da yawa daga cikin waɗannan matan masu gasa burodin gidansu ne da hannunsu. Sun san tanda sarai, zafin bazara ne ya sa suka nemi abin da ba sai an hura wuta ba.

To mu zo kan maganar wuta, wadda ita ce ginshiƙin rubutunki. Hajiya, wace wuta ce ke taɓa gumba? Gero ake surfewa, a wanke, a daka da kayan yaji, a sa sukari ko zuma, a dunƙula. Daga turmi sai baki. Amma ke da kanki kin san gumbar wata ta fi ta wata, kin san wadda aka daka ta yi laushi da wadda aka bar wa tsaki, kin san wadda citta ta yi wa yawa. Da babu gwaninta a ciki da duk gumba ɗaya ce. Dakuwa fa? An soya gyaɗa da aya tun farko, gaskiya ne, amma abin da ke mai da su dakuwa daka ne da awo da hannu. Mai dama fura a bakin kasuwa ba ita ta dafa furar a gabanki ba, ludayi da ƙwarya kawai gare ta, amma akwai wadda za ki tsallake mutum biyar ki je wurinta. Ba wanda ya taɓa ce mata malalaciya.

Kek ɗin ƙasa ɗan gidan su dakuwa ne. An riga an gasa biskit ɗin a masana'anta kamar yadda aka riga aka soya gyaɗar, saura aikin hannu. Kuma aikin yana da ƙa'idoji da in aka karya su abin ya lalace. Biskit busasshe ne ƙayau, kirim kuma cike yake da ruwa. In aka jera su aka ba su lokaci, ruwan kirim na ratsa biskit a hankali har ya yi taushi kamar soson kek, shi kuma kirim da ya rasa wani ɓangare na ruwansa ya ƙara kauri. Sanyi na daskarar da man da ke cikin bota da cuku mai laushin nan da ake shafa wa burodi, sai jikin abin ya tsaya ya yanku. Garin fudin da Amurkawa ke zubawa a madara mai sanyi ya kama nan take shi ma ba sihiri ba ne. Sitaci ne da aka riga aka dafa aka busar, shi ya sa yake kumbura a ruwan sanyi, kamar dai garin rogo da aka riga aka soya. Duk wadda ta taɓa jiƙa gari ta tafi ta dawo ta tarar ya shanye ruwan ya cika kofi ta ga wannan ilimin da idonta.

Na san ƙa'idojin nan ne domin na karya su. Karon farko da na gwada bayan mun dawo gida, ranar sunan ɗan ƙanwata, na daka biskit ɗin ya wuce misali har kirim ɗin cikinsa ya narke ya haɗe da garin, maimakon ƙasa mai warwara sai na samu taɓo mai danƙo. Madarar da na zuba ba ta yi sanyi sosai ba, ga shi an ɗauke wuta tun hantsi, ni kuma na ƙagu na fito da shi bayan awa ɗaya. Da na luma cokali sai ya kwaranyo kamar kunu. Na ji ciwon abin nan ƙwarai, domin kuɗi ne ya tafi kuma yara sun sa rai tun safe. Daga ranar na koyi abubuwan da yanzu nake koya wa nawa: a kankare farin kirim ɗin cikin biskit a haɗa shi da sauran kirim, a daka baƙin shi kaɗai. Kar a daka ya zama gari lilis, a bar 'yan ɓarɓashi, su ke sa ya yi kama da ƙasar gona kuma su ke ba haƙori abin taunawa. A fitar da bota da cuku su huce su yi laushi kafin a buga, in ba haka ba gudaji za su yi, gudajin da ba ya fita. In an zo haɗa bugaggen kirim da sauran, juyawa ake yi a hankali daga ƙasa zuwa sama, domin iskar da ke cikinsa ita ce taushinsa, in aka tuƙa shi kamar tuwo ta fice. Sannan a ba shi aƙalla awa huɗu a sanyi, kwana ya fi. Hawan ƙasa na sama kuwa sai an kusa kawowa ake barbaɗa shi, don kar ya jiƙe. In babu wuta, kula da ƙanƙarar naira kaɗan daga mai sayarwa ta wadatar, kuma wannan shi ne ainihin akwatin ƙanƙarar da matan Amurka suka fara da shi shekara ɗari da suka wuce.

Ki dubi abin da yaro ya koya a nan. Ya koyi awo, domin kofi uku na madara ba kofi huɗu ba ne. Ya koyi cewa akwai abin da ke zuwa kafin wani. Ya koyi wanke hannu da kwano. Ya koyi abin da ya fi wa yaro wuya a duniya, wato ya gama abu mai daɗi da hannunsa ya rufe ya ajiye ya tafi ya kwanta bai taɓa ba. Autata ta taɓa tashi sau uku a dare ɗaya tana tambaya ko ya yi. Da safe da ta ga cokali ya tsaya cak a ciki, ta fahimci abin da ake nufi da mai haƙuri shi ke dafa dutse fiye da duk yadda zan faɗa mata da baki.

Akwai kuma abin da rubutunki bai taɓo ba, wanda ni shi ya fi tsaya mini a rai. A wace shekara ake barin yarinya ta matso kusa da murhu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a kowace shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, kuma mata da ƙananan yara a wurin girki suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ba sai an kawo mana lissafi daga hukumar ba, kowace unguwa akwai yaro mai tabon ruwan zafi ko na man suya. Shi ya sa muke korarsu. "Fita daga kicin ɗin nan!" ita ce kalmar da 'yar shekara biyar ta fi ji daga bakin uwarta a lokacin girki. Mu kore ta shekara biyar, shida, bakwai, takwas, sannan ranar da ta kai goma sha biyu mu kira ta mu ce ta zo ta koyi tuƙi, mu yi mamakin da ta zo tana kumbura baki. A shekarun da take roƙon a bar ta ta taɓa, mun hana. Da sha'awar ta mutu sai muka mai da abin dole.

Kek ɗin ƙasa ba shi da wuta, ba shi da wuƙa, ba shi da tafasasshen mai. Ɗan shekara huɗu zai iya zuba biskit a leda mai kauri a ɗaure masa baki ya bi ta kai da muciya. 'Yar shekara shida za ta iya jera hawa-hawa a kofi. Wannan shi ne abinci na farko da yaro zai iya yi daga farko har ƙarshe ya ce ni na yi, kuma bai yi ƙarya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ke ma kin kawo wannan karin maganar a rubutunki. Ni ma da ita nake kafa hujja. Babbar 'yar tawa, wadda ta fara da dakan biskit, yau shekararta goma sha huɗu, ita ke tuƙa mana tuwon shinkafa ranar Juma'a, kuma ba a taɓa jan ta zuwa kicin ba, domin tun tana ƙarama ta san wuri ne da ake maraba da ita. Ban ce biskit ne ya koya mata tuƙi ba. Ni na koya mata, da muciya a hannu da zufa a goshi, kamar yadda aka koya mini. Amma na same ta tana so.

Sai maganar wasa da abinci. A nan na fi jin zafin rubutunki, domin zargin raina ni'imar Allah ba ƙaramin zargi ba ne, kuma na yi ta juya shi a zuciyata. Abin da iyayenmu ke nufi in sun ce kar a yi wasa da abinci sananne ne: kar a zubar, kar a tattaka, kar a yi jifa da shi, kar a ɗebi abin da ba za a cinye ba, kar a jagwalgwala a bari. Almubazzaranci suke hanawa da wulaƙanci. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma na ga irin wasan da ya cancanci fushinki, inda ake danna wa mai bikin haihuwa fuska a cikin kek ana dariya. Wannan ni ma ba na barin a yi a gidana. Amma yaron da ya ɗauki rabin awa yana jera ƙasarsa a kofi, yana gyara wa tsutsarsa zama, ya tsinko ganyen na'a-na'a ya dasa a tsakiya kamar shuka, sannan ya cinye har ya lashe cokali, me ya wulaƙanta? Ban taɓa ganin an zubar da kek ɗin ƙasa ba. Na sha ganin an zubar da rabin kek ɗin biki mai hawa uku wanda aka gasa a tanda bisa duk ƙa'ida.

Kuma raha a cikin kayan zaƙi ba baƙuwarmu ba ce. Hajiya, ba ki sha hanjin ligidi ba kina yarinya? Alawa ce muka raɗa wa sunan hanji, muka saya da kuɗin tara muka tsotsa ba ƙyama. Carbin malam fa? Mun jera alawa kamar carbi, mun sa mata sunan abin da ake ambaton Allah da shi, malamai na gani, ba wanda ya ce an raina addini, domin kowa ya san ƙauna ce da raha. Tuwon madara ba tuwo ba ne, kuma masu yin sa har siffar tauraro da zuciya suke fitarwa. Mu da muka girma da waɗannan ba mu da bakin cewa tsutsar alawa ta wuce gona da iri.

Abin da ya fi wannan ma, wace 'ya mace ce a cikinmu ba ta yi tuwon ƙasa ba? Gwangwanin tumatir shi ne tukunya, duwatsu uku murhu, tsinke muciya, ganyen dogonyaro miya. Mu tuƙa, mu kwashe, mu malmala, mu kai wa iyayenmu, su karɓa su kai kusa da baki su ce kai, wannan tuwo ya yi daɗi, Allah ya yi albarka. Ba su ce muna raina abinci ba. Sun san makarantar farko ce ta girki. Abin da tsohuwar Ohio ta kawo a tukunyar fure shi ne wannan wasan, sai dai an juya shi: mu mun ɗauki ƙasa mun ce abinci ce, su sun ɗauki abinci sun ce ƙasa ce, kuma nasu in an gama ana ci da gaske. Ina ganin shi ya sa yaranmu suka karɓe shi hannu bibbiyu. Sun gane shi tun kafin a yi musu bayani.

Akwai inda nake tare da ke, kuma ba zan ɓoye ba. Sukarin ya yi yawa. Biskit uku kacal na Oreo na ɗauke da sukari kusan giram 14, ga na kirim, ga na alawa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, wato kamar giram 50 ga babba, in ma an tsaya a rabin haka ya fi. Kofi ɗaya babba na kek ɗin ƙasa zai iya cinye wa yaro kason yininsa gaba ɗaya. Saboda haka abin ranar suna ne da sallah da ƙarshen zango, kuma a ƙaramin kofi. Ni na daina zuba garin sukarin da takardar tsohuwar ta ce, kirim ɗin cikin biskit ya isa, kuma sau da yawa kindirmo nake tacewa a ƙyalle mai tsabta ya kwana ya yi kauri in sa a madadin cuku, ɗan tsaminsa na karya zaƙin. Sai dai in sukari ne laifin, to alkaki da nakiya da dubulan da gullisuwa duk suna layi, kuma ba ki taɓa cewa a daina su ba. Cewa kike a ci da lissafi. A yi wa wannan ma adalci iri ɗaya.

Akwai ma wani gargaɗi da na so in gani a rubutunki ban gani ba, wanda ya fi maganar siffa muhimmanci ga mai karatunki. Alawar nan mai danƙo, wadda kamfanin Trolli na Jamus ya fitar da siffar tsutsa a 1981, da wani sinadari ake yin ta mai suna jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba, kuma a Turai da Amurka yawanci na alade ne. Akwai wadda ake yi da na saniya, kamar wadda Haribo ke yi a masana'antarsa ta Turkiyya da tambarin halal, akwai kuma wadda ake yi da sinadarin 'ya'yan itace. Dole uwa ta juya leda ta karanta. A walimar Ohio ma sai da na cire wa 'yata tsutsar na bar mata ƙasar da kirim, kuma hakan bai rage mata murna ba. Shi kansa Oreo da kitsen alade ake yin farin kirim ɗinsa a da, sai a shekarun 1990 kamfanin ya koma man tsirrai. Tunda ana yin sa a ƙasashe daban-daban, kuma kasuwanninmu cike suke da masu kama da shi, karanta jikin leda bai taɓa zama ɓata lokaci ba. Wadda ba ta samu alawar da ta natsu da ita ba ta yanka dabino siri-siri, ko mangwaro, yara da kansu za su ce tsutsa ce.

Batun cewa baƙon abu ne ba zan daɗe a kansa ba. Kek ɗin da kike koya mana gasawa, da fulawa da bota da bakar hoda, shi ma da ƙafarsa ya zo. Iyayenmu suka karɓe shi ba su da oba, suka zuba yashi a gindin tukunya suka jera gwangwanayen madara a kan gawayi, ya zama namu har ba a kai gara babu shi. Kokon da ya baƙanta biskit ɗin ma, fiye da rabin wanda duniya ke ci daga Kwaddibuwa da Gana yake fitowa, Nijeriya ma na cikin manyan masu nomansa. Tsada kuwa gaskiya ce in an nace sai Oreo da cukun kanti. Amma ƙananan biskit masu cakulan na shagon unguwa suna yi, madarar gari da aka dama da kauri da kindirmo suna yi, kofin roba ya maye gurbin tukunyar fure.

Roƙona gare ki, Hajiya, tunda dubban iyaye mata na jin maganarki, shi ne ki gwada sau ɗaya da jikokinki kafin ki sake rubutu a kai. Ki ba ƙaramin leda da muciya, ki ba babbar kofin awo, ke ki zauna a kujera 'yar tsugunno ki sa ido kawai. In kin ga lalaci ko wulaƙanta abinci, ki rubuta, zan karanta in yi shiru. In kuma kin ga abin da na gani, to ki buga mana yadda ake yi a filinki da awonki na gwana, ki rage sukarin, ki sa gargaɗin jelatin a sama da manyan baƙaƙe. Takardar cefanen da tsohuwar ta rubuta mini tana nan a littafin girkina, tsakanin shafinki na miyar kuka da na waina, kuma in kina so zan kwafe miki ita in aiko.